Yadda Ake Shirya Zaman Sauraron Waƙa a Fada

A fadojin samari na Maradi, daga unguwar Zariya zuwa Mokoyo da Bagalam, akwai tambayar da ba a kwana biyu ba a yi ta ba, wato wace waƙa mutum yake ji kwanan nan. Wanda aka tambaya yakan zaro salula ya kunna waƙar, kafin ƴan amshi su karɓa sau biyu wani ya ce shi ma yana da wadda ta fi ta, na uku ya tashi amsa kira, a ƙarshe a watse an taɓa waƙa goma ba a saurari ko ɗaya ba. Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin wanda ya nuna maka waƙar da yake ji ya buɗe maka wani sashe na abin da ke ransa, kuma bai dace a karɓi irin wannan kyauta a tsaitsaye ba. Abin da zan bayyana a nan hanya ce da muka jarraba a tamu fadar har ta zauna: a ware dare ɗaya a mako domin sauraro, kowa ya kawo waƙarsa tare da sunanta da labarinta.

Farkon abin da za a tsayar shi ne yawan mutane da lokaci. Mutum biyar zuwa takwas sun isa, domin idan aka wuce haka hira takan rabu gida biyu, masu zama a gefe su koma zancen ƙwallo ko na kasuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, sa'ad da ƙarar kabu-kabu ta ragu kuma babu wata salla da za ta katse zaman. Shayi ma yana taimakawa wajen tsari ba tare da an duba agogo ba, tunda dahuwa uku ake yi: a saurari waƙa ɗaya a kan na fari, ta biyu a kan na biyu, ta uku a kan na ƙarshe. Waƙa uku a dare sun wadatar, kuma wanda bai samu layi ba a wannan mako shi ne zai buɗe na gaba. A samu ƙaramin akwatin sauti ɗaya mai caji, a cika shi tun da rana saboda ɗaukewar wuta, a ajiye shi a tsakiyar tabarma, kuma mutum ɗaya kaɗai zai riƙa haɗa shi da wayoyi. A daidaita ƙararsa yadda mutanen da ke cikin gidan da ake zaune a ƙofarsa za su iya barcinsu. Idan an yi rasuwa a layin, a ɗage zaman har a share makoki.

Sai batun zaɓen waƙa, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ka kawo waƙar da da gaske kake ji, wadda ka maimaita a shago ko a gona ko a kan hanyar Ɗan Isa, ko da kana ganin abokai za su ce ta tsufa ko ta cika sanyi. Wanda ya zaɓo waƙa don a ce ya san abin da wasu ba su sani ba, da an yi masa tambaya biyu yake tsayawa. Kafin ranar zama ka saurare ta kai kaɗai daga farko har ƙarshe aƙalla sau uku, ka kuma nemi amsar tambayoyi huɗu: wane ne ya yi ta, da wane kayan kiɗa, wa aka yi wa ko a kan me aka yi ta, sannan a wane irin wuri aka saba yin ta, fadar sarki ce, ko gidan biki, ko filin dambe, ko ɗakin ɗaukar sauti. Abin da ba ka gano ba ka faɗa a fili cewa ba ka gano ba, watakila akwai wanda ya sani a cikin masu zama.

Tambayar kayan kiɗa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce mabuɗin sauran. A ƙasar Hausa kowane kiɗa yana da mutanensa, saboda haka wanda ya gane abin da ake bugawa ya riga ya hango rabin labarin waƙar. Kalangu, wanda ake matse tsarkiyarsa a hammata don muryarsa ta hau ko ta sauka, asalinsa kiɗan mahauta ne da ƴan dambe, kuma da shi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa mutane iri-iri waƙa, sarakuna da attajirai da direbobi. Kotso da taushi kiɗan fadar sarki ne. Da kotso Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa hidima, da shi kuma Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi nasa waƙoƙin na sarauta, shi kuwa Salihu Jankiɗi da taushi aka san shi. Kuntigi ɗan ƙarami ne mai tsarkiya ɗaya, kuma Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, ya ɗauke shi shi kaɗai ba tare da ƴan amshi ba ya yi wa talaka da sana'arsa waƙa. Ƙwarya ta mata ce, ita ce kiɗan amada da Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi har rasuwarta a 2013. Akwai garaya ta mafarauta da ƴan bori, akwai goge da kukuma masu izga, akwai gurmi, wanda Malam Mamman Barka na nan Nijar ya fara yin suna da shi kafin ya koma ga biram na masuntan tafkin Cadi. Mai kawo waƙa ba sai ya haddace duk wannan ba, amma ya kamata ya san na waƙar da ya kawo.

Na ga amfanin haka da idona a wani dare na hunturu. Ƙaramin cikinmu ya kawo wata waƙa da ya samo a memorin wani, babu suna a kanta sai lamba, ya gabatar da ita a matsayin kiɗan kalangu na mutanen da. Ana cikin ji sai ga kawuna ya fito daga masallaci da rawani a wuya, ya wuce mu da taku biyu, ya tsaya, ya dawo ya zauna a bakin benci ba tare da ya ce uffan ba. Sai da ƴan amshi suka koma kan gindin waƙar, wato amshin da ake maimaitawa, ya ɗaga hannu ya ce, “Ɗana, wannan kotso ne. Ka sake saurare, da hannu ake buga shi, ba da makaɗi ba.” Yaron ya ce, “Kawu, to wa ake yi wa?” Ya ce a mayar da ita baya kaɗan, ya nuna mana inda aka ambaci sarautar da garin, ya fassara mana kalmomi uku na Gobiranci da muka sha ji muna wucewa, ya kuma nuna wani ɗan waƙa, wato baiti guda, da muka ɗauka yabo ne alhali zambo ne ake yi wa wani ɗan sarki mai neman gadon. Shayinsa ya huce a hannunsa bai kurɓa ba. Tun daga ranar muka sa wa kanmu doka cewa duk wata sai mun gayyato dattijo ɗaya, a shimfiɗa masa darduma, a ba shi kofin farko, a bar shi ya zaɓi waƙar da za a buɗe da ita. Mu mutanen Maradi muna da sa'a a nan, domin Hausar makaɗan Gobir da Zamfara da Katsina ita ce kakanninmu suke yi a Tibiri da Madarunfa da cikin gari, kuma masu jin ta sarai suna nan da ransu a gidajenmu.

Idan layinka ya zo, gabatarwarka kada ta wuce ta minti biyu. Ka faɗi sunan mawaƙin da na waƙar, da inda ka fara jin ta, da abin da ya sa take binka a wannan mako. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi jin nauyin faɗa, kuma shi ne ya fi amfani. Wani zai ce tana tuna masa da mahaifinsa da rediyonsa mai kama Kaduna, wani zai ce ita yake sa wa idan ciniki ya tsaya, wani kuma zai ce kawai muryar ce ta kama shi, duk amsa ce. Ka nuna wuri ɗaya da kake so a kasa kunne a kai, misali inda kiɗan ya sauya gudu ko inda mawaƙin ya jefa habaici, sannan ka yi shiru. Kada ka fassara waƙar gaba ɗaya tun ba a ji ta ba, kuma kada ka riƙa bin mawaƙin da baki, domin shi aka taru a ji.

Yayin da waƙa take tafiya babu hira, kuma kowa ya kifa wayarsa. Makon farko wannan doka takan yi wa mutane wuya, amma daga baya su da kansu suke harara idan wani ya buɗe baki. Matsalar da ake yawan samu ita ce ta tsawo, tunda waƙoƙin makaɗan baka sukan kai minti 20 ko fiye. Idan za a iya ji duka, shi ya fi. Idan dare ya yi, mai waƙar ya zaɓi inda za a tsaya tun daga gida, kuma a tsaya a inda ƴan amshi suka dawo kan gindi bayan an rufe ɗan waƙa, domin kowane ɗa magana ce cikakkiya, yanke shi a tsakiya kamar katse dattijo ne yana cikin zance.

Bayan an kashe sauti, a fara da wanda bai taɓa jin waƙar ba, ya faɗi abin da ya kama da abin da ya shige masa duhu, kafin masana su sa baki. Idan aka fara da masana, sabon kunne yakan ji kunya ya ce shi ma haka ya ji. A tambayi kalmomin da ba a gane ba ɗaya bayan ɗaya, a bambance kirari da zuga, a bambance zambo, wanda yake fitowa fili ya siffanta mutum, da habaici, wanda yake sakaya shi. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne mayar da zaman kotun da za a yanke hukunci tsakanin waƙar da da ta yanzu. Na sha jin ana cewa mawaƙan zamani ba su da Hausa, na kuma sha jin samari na cewa kiɗan gargajiya barci yake sa su, kuma a ganina duka biyun maganar wanda bai zauna ya saurara ba ce. Waƙar da aka yi a ɗakin ɗaukar sauti a Kano ko Yamai ko nan Maradi tana da nata tambayoyin: wa ya rubuta baitocin, wa ya haɗa kiɗan, don fim aka yi ta ko don biki, muryar mawaƙin ce zalla ko na'ura ta gyara ta. Fati Nijar ƴar garin nan ce da ta je Kano ta yi suna a wannan fage, kuma wanda ya kawo waƙarta ya cancanci irin shirun da aka yi wa wanda ya kawo Ɗan'anace yana wasa ɗan dambe Shago.

Haka nan kada a taƙaita ga Hausa. A kasuwar Maradi ana jin Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci kullum, kuma da wuya a rasa mai jin ɗaya daga cikinsu a fada. Wanda ya kawo waƙar jita ta Agadas ko ta ƙungiyar Mamar Kassey ya zo da fassarar gindinta ko da a taƙaice, ko ya zo da abokin da zai fassara. Lokacin gasar takobi ta kokowa kuwa, wadda Kantu na Maradi ya ci karonta na farko a Tawa a 1975, yana da kyau a ware dare guda ga kiɗan ƴan kokowa kaɗai, domin a wannan mako kowa shi ke cikin kunnensa.

Sai miƙa waƙar ga wanda ya so ta, wanda mutane suke ɗauka ƙaramin abu ne. Kafin ka tura, ka gyara sunan da ke kanta a cikin wayarka: sunan mawaƙi da farko, sannan sunan waƙa, sannan wanda aka yi wa idan ka sani. Sunan waƙa shi kaɗai ba ya isa, domin Shata yana da Bakandamiya, Narambaɗa ma yana da tasa, kuma ba su haɗa komai ba sai suna. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka tura ta a matsayin takarda, domin ta haka take isa da sunanta. Idan ka tura ta a matsayin sauti, sau da yawa wanda ya karɓa yakan tarar da haruffa da lambobi ne kawai a ma'ajiyar wayarsa. Kada kuma ka kunna ta a wata waya ka ɗauka da saƙon murya, saboda ƙarar titi da ta kofuna za su shiga, zurfin kiɗan ya tafi, kuma wannan gurɓatacciyar ce za ta ci gaba da yawo. Tunda kuna zaune wuri ɗaya, Xender ko Bluetooth ba sa cin mega ko kaɗan. Wajen lissafin wuri, waƙa mai matsakaicin kyawun sauti takan ci kusan mega ɗaya a kowane minti, saboda haka ta minti 20 tana neman kusan mega 20. Duk abin da aka tara a ajiye shi a memori biyu a hannun mutum biyu, domin memori yakan mutu ba sallama, waya kuma takan ɓata.

Wanda yake ganin sanya wa waƙa suna wahalar banza ce ya dubi abin da ya faru da Mdou Moctar, makaɗin jita na jihar Tawa. Ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi ya tsince su a memorin mutane, kuma sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai su. Bayan an fitar da ɗaya a wani faifai a 2011 ne sunansa ya fara fita duniya. Waƙar da ke yawo ba suna ba ta amfanar mai ita da komai, ko da ta kai bangon duniya. Saboda wannan dalili, idan mawaƙin yana raye kuma yana da shafinsa a YouTube ko Audiomack, ya fi kyau wanda yake da mega ya saurara a can, ya kuma tura wa na nesa adireshin, domin da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa. Idan kuma ɗan unguwa ne mai tasowa, a gayyato shi zaman, a saurari tasa da irin natsuwar da ake yi wa manya, a gaya masa gaskiya cikin mutunci.

Akwai waƙoƙin da na ga ya fi alheri a bar su a gida. Waƙar siyasa mai zagin wani ɓangare takan raba fadar da ta yi shekaru tare, musamman idan zaɓe ya gabato. Waƙar da ta yi batsa a fili ba ta dace da ƙofar gidan mutane ba, inda yara suke raɓe a bayan tabarma suna ji. Sannan a garin nan akwai mutane da yawa da ba sa sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma wataƙila ɗayansu abokinku ne na ƙut da ƙut. Kada a matsa masa, kada a yi masa ba'a, kada kuma a kunna don ya ji haushi. A gaya masa daren da ake yi don ya san yadda zai tsara zuwansa, idan kuma yana so ya shiga, a ware wani dare na rubutattun waƙoƙi da ake rerawa ba kiɗa, irin na Aliyu Namangi da Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja, waɗanda suke da ma'ana da hikimar da za ta cika dare har ta yi saura. Cikin azumi mu mukan koma ga irin waɗannan gaba ɗaya, ko mu dakata sai bayan salla. Mata ma suna iya yin nasu zaman a tsakar gida da wannan tsari, kuma su ne suka fi kusa da taskar da ba a ɗauka a kowace na'ura ba, wato waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da na gaɗa da ke bakin iyaye da kakanni.

A sayi littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, a damƙa shi ga wanda ya fi kowa kyawun rubutu. A kowane zama ya rubuta kwanan wata, da waƙoƙi ukun da aka ji, da wanda ya kawo kowace, da sababbin kalmomin da aka koya tare da ma'anarsu, da tambayar da aka kasa amsawa. Wannan shafi na tambayoyi shi ake kai wa dattijon da za a gayyato a ƙarshen wata, kuma sau da yawa shi yake sa tsoho ya tuna cewa yana da kwalin kaset a ƙarƙashin gado. Idan aka yi dace da haka, kada a yi gaggawar sa kaset ɗin a rediyon da ya daɗe ba a kunna ba, domin yana iya cinye zaren. A fara gwada rediyon da kaset marar muhimmanci, a juya na gasken da biro a ga ko zarensa yana tafiya ba tare da ya manne ba, sannan a kai wa mai gyaran rediyo ko mai tura waƙoƙi da yake da igiyar haɗa shi da kwamfuta. A kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kwalin kaset ɗin cikin littafi kafin a mayar wa mai shi, a kuma sa masa nasa kwafin a wayarsa ko a ta jikansa.

Kafin a zuba shayi na uku, mai littafi ya karanto sunayen mutum ukun da za su kawo waƙa a mako mai zuwa, domin su samu kwana bakwai na sauraro da tambaya. Wanda ya san tafiya za ta kama shi zuwa Katsina ko Tasawa ya faɗa tun a lokacin, a ba wani layinsa, a ajiye masa nasa har ya dawo.